Tambaya da Amsa: Shin sassauci ne ya sa Ingila ta rasa Amurka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Makon jiya muna darasin juyin juya halin Amurka, sai wani ɗalibina ya nuna min bidiyon wani mai sharhi da ke yawo a WhatsApp. Mutumin ya ce wai akwai wani minista a Ingila, Lord Hillsborough, wanda shi kaɗai ya gane maganin mutanen Amurka, wato ƙarfi, kuma da an bar shi ya murƙushe su tun 1768 da har yau suna ƙarƙashin Sarkin Ingila. Ya ce janye harajin kan sarki da aka yi a 1766 shi ya ba su fuska, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Har ya kawo misali da Satiru, ya ce tun da aka gama da su ba a sake jin motsi ba. Abin da ya dame ni, Malam, na kasa ba yaron amsa a gaban aji. Yanzu rabin ɗaliban sun ɗauka darasin ke nan, duk wanda ya ɗaga murya a danne shi tun da wuri. Ina jin nauyin abin a wuyana. Don Allah a warware min.

Wani malamin makaranta, daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Malam, kwantar da hankalinka. Rashin amsa nan take ba abin kunya ba ne, abin gudu shi ne a bar yaran su tafi gida da wannan fahimta. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Da wuya zangon karatu ya wuce ban ci karo da wannan magana ba, ko a takardar jarrabawar ɗalibi, ko a majalisar hira, ko a bakin masu sharhin nan da ke karanta shafi biyu su kunna kyamara. Cikin duk kurakuran da ake yi a kan wannan tarihi ita ta fi tayar min da hankali. Wanda ya ce tsadar shayi ce ta jawo tawaye ya faɗi jarrabawa ne kawai. Wanda ya yarda cewa ƙarancin duka ne ya jawo shi kuwa, gobe yana iya zama hakimi, ko kwamishinan 'yan sanda, ko shugaban makaranta, da wannan tunani a kansa.

Ba zan koma kan Yaƙin Shekara Bakwai da bashin da ya bar wa Ingila ba, kana koyar da wannan. Mu tafi kai tsaye ga mutumin. Sunansa na yanka Wills Hill, babban mai filaye ne a County Down ta ƙasar Ireland, kuma shi aka fara naɗawa a sabuwar kujerar Sakataren Harkokin Yankunan Amurka a farkon 1768. Ya zauna a kanta har Agustan 1772. To ka ga tun daga nan zancen "da an bar shi" ya fara tangal-tangal. Ai an bar shi. Shekara huɗu da rabi wasiƙun gwamnoni suna sauka a teburinsa, umarni yana fita da sa hannunsa. Abin da ƙarfin nasa ya haifar a rubuce yake, da rana da wata.

Da ya hau kujerar, dokokin Townshend na 1767, waɗanda ministan kuɗin Ingila Charles Townshend ya kawo, sun riga sun ɗora haraji a kan gilashi, dalma, fenti, takarda da ganyen shayi. Kuɗin da ake sa ran samu bai taka kara ya karya ba, kimanin fam 40,000 a shekara. Inda za a kai kuɗin ne ya tsorata mutanen. Da shi za a riƙa biyan gwamnoni da alƙalai albashi, alhali a yawancin yankunan majalisun gida ne ke biyan su, kuma wannan shi ne linzamin da suke riƙe da gwamnan da Landan ta turo musu. Ranar 11 ga Fabrairun 1768 majalisar Massachusetts ta aika wa takwarorinta wasiƙa, Samuel Adams, ɗan majalisar daga Boston, shi ya tsara ta. Ina roƙonka ka nemo ta ka karanta wa ɗalibanka, ba ta da tsawo. Babu kiran tawaye a cikinta. Ta amince majalisar Landan ce babbar mai yin doka a daular, ta musanta cewa suna neman ɓallewa, ta ce dai bai halatta a karɓi dukiyar mutum ba tare da yardar wakilansa ba, ta nemi a haɗa baki a kai kuka gaban Sarki. Gyara kayanka suka ce, Hillsborough ya ji sauke mu raba. Kuma ka lura da yadda kansu yake a rabe a lokacin. Karon farko da aka kawo shawarar aika wasiƙar a cikin ita kanta majalisar Massachusetts, a watan Janairu, faɗuwa ta yi, sai a karo na biyu ta wuce. 'Yan kasuwar Philadelphia kuwa sun ƙi shiga shirin ƙaurace wa kayan Ingila a duk tsawon shekarar.

A watan Afrilu Hillsborough ya rubuta wa gwamnonin. Ya kira wasiƙar fitina mai haɗari, ya ce su sa majalisunsu su yi watsi da ita cikin wulaƙancin da ya dace da ita, wadda ta ƙi a sallame ta ko a rushe ta. Gwamna Francis Bernard na Massachusetts kuma aka umarce shi ya sa majalisarsa ta lashe amanta, ta janye wasiƙar. Ranar 30 ga Yuni aka kaɗa ƙuri'a. Mutum 92 suka ce ba za su janye ba, 17 suka ce a janye. Washegari Bernard ya rushe majalisar.

Tsaya a nan ka nuna wa yaran wannan lissafi. Majalisar da a watan Janairu ta ƙi aika wasiƙar, a watan Yuni ta tsaya a kanta da mutum 92 cikin 109. Tsakanin Janairu da Yuni ba a ƙara kwabo ko ɗaya a harajin ba. Abin da ya shigo tsakani umarnin Hillsborough ne. Lamba 92 ta zama take, ana ambatonta a tarurruka daga wannan yanki zuwa wancan. Maƙerin azurfar nan Paul Revere ya ƙera kwano na musamman don girmama waɗannan 92, yana nan a gidan adana kayan fasaha na Boston har yau. Da dama daga cikin 17 ɗin sun sha kaye a zaɓen da ya biyo baya. Majalisun da a da suka ajiye wasiƙar a gefe sai suka zaro ta, domin yanzu magana ta tashi daga harajin gilashi da fenti, ta koma kan ko wani minista a Landan zai zaɓar musu wasiƙar da za su karanta. Kafin a je ko'ina an rushe majalisun South Carolina, Georgia da New York. Samuel Adams ya daɗe yana neman hanyar haɗa kan yankunan bai samu ba, wasiƙa ɗaya daga ofishin Hillsborough ta yi masa aikin.

Sai maganar sojoji, wadda ita ce mai bidiyon ya fi so. Ranar 8 ga Yunin 1768 Hillsborough ya umarci Janar Thomas Gage, kwamandan sojan Ingila a Amurka, ya tura soja Boston. Ka riƙe wannan rana, domin tarzomar da ake cewa ita ta jawo sojojin, wato ta kama jirgin ruwan ɗan kasuwar Boston John Hancock mai suna Liberty, ranar 10 ga Yuni ta faru, bayan an riga an rubuta umarnin. Da labarinta ya isa Landan sai ya ƙara wasu runduna biyu daga Ireland. Ranar 1 ga Oktoba suka fara sauka, da ganguna, da banati a bakin bindiga, suka ratsa garin da mutanensa ba su wuce 16,000 ba. Suka tarar babu wanda za su yaƙa. Hukumomin garin suka ƙi ba su masauki, suka ce doka ta ce sai barikin da ke tsibirin Castle William ya cika tukuna. Wasu suka kafa tanti a filin gari, wasu aka cusa su a ɗakunan taro. Dokar Ingila kuma ta hana soja afka wa taron farar hula sai da kiran alƙali, babu kuwa alƙalin Boston da zai yi wannan kira ya kwana lafiya a unguwarsu.

Saboda haka suka zauna wata 17 suna cin abinci suna tara ƙiyayya. Albashinsu ƙanƙane ne, sai suka riƙa neman ƙwadago a lokacin hutu a farashi mai rahusa, suna ƙwace wa lebarorin gari abin kai wa bakin salati. Ranar 2 ga Maris 1770, a wata masana'antar tufka igiyar jirgi, wani ma'aikaci ya tambayi wani soja ko yana neman aiki. Sojan ya ce eh. Ya ce to ya je ya kwashe masa masai. Aka kaure da faɗa, kowa ya koma ya gayyato nasa. Bayan kwana uku, daren 5 ga Maris, aka taru a kan mai gadin ofishin kwastan a King Street ana jifansa da dunƙulen ƙanƙara, aka kawo masa ɗauki, bindiga ta tashi. Mutum biyar suka mutu, ciki har da Crispus Attucks, ma'aikacin jirgin ruwa mai jinin Afirka, da Samuel Gray, ɗaya daga cikin masu tufkar igiyar nan. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe sojojin aka kai su tsibirin da tun farko aka ce su tafi. Ribar mamayar ke nan: gawa biyar, da ranar tunawa da mutanen Boston suka riƙa rayawa duk shekara da jawabai masu zafi.

Virginia ma haka. Ita ce mafi girma kuma manyanta masu biyayya ne ga Sarki. A farkon 1769 majalisar Landan ta amince a farfaɗo da wata tsohuwar doka ta zamanin Sarki Henry na Takwas, ta 1543, don a riƙa kwaso waɗanda ake zargi da cin amanar ƙasa daga Amurka a yi musu shari'a a Ingila, nesa da shaidunsu da danginsu. Ba a kai ga ɗaukar kowa da dokar ba a lokacin, barazanar kaɗai ta isa. A watan Mayu majalisar Virginia ta yi tir da ita, Gwamna Botetourt ya rushe majalisar, 'yan majalisa suka taka da ƙafa zuwa wani masauki mai suna Raleigh Tavern a garin Williamsburg suka ci gaba da zama. Wanda ya gabatar musu da shirin ƙaurace wa kayan Ingila shi ne George Washington, tsohon kanar da ya yi wa Sarki yaƙi da Faransa. A wannan shekarar kayan da Ingila ke sayarwa a yankunan sun ragu da sama da kashi ɗaya cikin uku.

Ko wakilan da ke kai kuka Landan bai bar musu ƙofa ba. Ranar 16 ga Janairun 1771 Benjamin Franklin ya je ofishinsa da takardar shaidar cewa majalisar Massachusetts ta naɗa shi wakilinta. Hillsborough ya ce bai san da wani wakili ba sai wanda gwamna ya sa wa hannu. Franklin a lokacin mai ƙaunar daular ne, ma'aikacin gidan wayar Sarki, ɗansa William kuma gwamnan Sarki ne a New Jersey. Irin mutanen da ya kamata a riƙe hannu bibbiyu ke nan. Bayan shekara biyar sa hannunsa yana kan takardar shelar 'yancin kai.

Yanzu mu juya ga ɗaya ɓangaren, na cewa sassauci ne ya ba su fuska. Wannan shi ne ƙashin bayan ƙaryar, kuma rusa shi ba wuya, sai dai a jera shekarun. An janye harajin kan sarki a Maris 1766. Me ya biyo baya? Murna, kaɗa ƙararrawa, ciniki ya dawo, majalisar New York ta ba da kuɗi a kafa mutum-mutumin Sarki George na Uku a kan doki. Rikici bai dawo ba sai da Townshend ya zo da sabon haraji a 1767. An janye yawancin harajin Townshend a 1770, sabon Firayim Minista Lord North ya gabatar da ƙudurin a ranar da aka yi kisan Boston, kafin labarin ya ƙetare teku. Me ya biyo baya? A watan Yuli 'yan kasuwar New York suka fice daga ƙauracewar, sauran suka bi, a 1771 aka shigo da kayan Ingila fiye da kowace shekara kafin nan, har a Boston ana sauke shayi ana biyan harajinsa. Samuel Adams ya kusa rasa masu sauraro. Sau biyu aka sassauta, sau biyu ƙura ta lafa. Shi kuwa mutum-mutumin nan na dalma, sai a Yulin 1776 aka tumɓuke shi aka narka aka yi harsashi da shi, bayan an gwada ƙarfi iya ƙarfi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda aka bar ƙaya ɗaya a ƙafa da gangan. Ranar 1 ga Mayun 1769 majalisar ministoci ta zauna a kan ko a janye harajin Townshend gaba ɗaya. Firayim Minista Grafton ya so a share duka. Aka kaɗa ƙuri'a, biyar da huɗu, aka bar harajin shayi, taro, wato kwabo uku, a kan kowace laba, don kawai a nuna cewa Landan na da ikon karɓa. Hillsborough da North suna cikin biyar ɗin. Ƙuri'a ɗaya, a kan kwabo uku.

Wannan haraji na kwabo uku shi ya tashi a 1773, Hillsborough ya riga ya sauka amma aƙidarsa na nan. Dokar Shayi ta wannan shekara ma rage farashinsa ta yi, don a ceto Kamfanin East India da kaya suka yi masa kwantai. Ga gwajin da nake ba ɗalibaina. Shayi ɗaya, haraji ɗaya, aka tura tashoshi huɗu. A Philadelphia da New York dillalan da aka naɗa suka ajiye aikin, jiragen suka juya da kayansu. A Charleston kwastan suka sauke shi suka kulle a sito. A Boston kaɗai aka kafe. Biyu daga cikin dillalan 'ya'yan gwamnan Massachusetts Thomas Hutchinson ne, suka ƙi sauka. Ranar 16 ga Disamba dubban mutane suna zaune a majami'ar Old South, aka tura ɗan mai jirgin Dartmouth ya hau doki zuwa gidan gwamna a Milton ya roƙi takardar izinin mayar da shayin Ingila. Abin da taron ya nema ke nan, jirgi ya koma inda ya fito. Ya dawo da magariba ya ce gwamna ya ƙi. A daren aka farfasa akwati 342 aka zubar a teku.

Mai bidiyon zai iya cewa, to ai a 1769 an taka wa Hillsborough burki. Gaskiya ne. A Fabrairun wannan shekara ya kawo shawarar a sauya kundin da aka kafa Massachusetts da shi, Sarki ya riƙa naɗa majalisar mashawartan gwamna a daina zaɓenta. Shi kansa George na Uku ya ga taɓa irin wannan kundi abin ƙyama ne, aka jingine shawarar. Amma ba sai mun yi hasashen abin da zai faru da an bi ta ba, domin an bi ta. A 1774 gwamnatin North ta zartar da ita, har da ƙari. Aka rufe tashar jiragen Boston daga 1 ga Yuni sai an biya kuɗin shayin, aka mayar da majalisar mashawarta ta naɗi, aka taƙaita tarukan gari, aka ba da damar kai shari'ar jami'an gwamnati wani yanki ko Ingila, aka naɗa Janar Gage gwamna. Gage ɗin nan shi ya shaida wa Sarki a watan Fabrairu cewa mutanen nan zakuna ne muddin Ingila ta zama tunkiya, in aka tsare gida za su yi laushi, kuma runduna huɗu sun isa. Maganar mai bidiyonka ce sak, shekara 250 kafin ya yi ta.

An yi lissafin sauran yankuna za su tsorata su bar Boston da kayanta. Sai ga shinkafa daga South Carolina, ga garken tumaki ana korowa daga Connecticut don ciyar da lebarorin da aka rufe wa tasha. Virginia ta ayyana 1 ga Yuni ranar azumi da addu'a. Ranar 6 ga Satumba, a garin Worcester, dakarun sa-kai sama da 4,600 suka jeru gefe biyu na titi, jami'an kotun Sarki suka ratsa tsakaninsu hula a hannu suna karanta takardar janyewa, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Kwana ɗaya kafin nan wakilan yankuna 12 sun fara zama a Philadelphia. Kafin shekara ta ƙare ikon Gage bai wuce inda sojansa ke tsaye a Boston ba, kuma shi da ya ce runduna huɗu sun isa ya rubuta yana neman mutum 20,000, yana ba da shawarar a dakatar da dokokin. A Landan aka ce ya karaya. A Afrilun 1775 aka yi faɗan farko na yaƙin a garuruwan Lexington da Concord, a watan Yuni a Bunker Hill aka kashe ko aka raunata sojan Ingila sama da 1,000 a yini guda.

Akwai abin da masu son ƙarfi ba sa lissafawa, wato ko ƙarfin ma akwai shi. Mutanen yankunan sun haura miliyan biyu, mafi yawa manoma masu gonar kansu da bindiga a rataye, kowane gari da dakarunsa, kowane yanki da majalisarsa da ta saba tafiyar da al'amura, wasu fiye da shekara ɗari. Sojan ƙasa na Birtaniya gaba ɗaya, daga Ireland har Gibraltar, bai kai 50,000 ba. Wasiƙa kan yi wata ɗaya da rabi zuwa biyu a teku, kafin amsa ta dawo abin da aka yi umarni a kansa ya riga ya canza kama. Ɗan majalisar Landan Edmund Burke ya faɗa musu a majalisa ranar 22 ga Maris 1775 cewa ƙarfi na ɗan lokaci ne, ƙasar da sai an sake cinye ta kullum ba a mulkinta ake ba. Aka kayar da ƙudurinsa.

Game da Satiru, raina ya ɓaci da jin an kawo ta a matsayin abin koyi. Ƙauye ne kusa da Sakkwato, talakawa da bayin da suka gudo, makamansu fartanya da gatari. A 1906 aka zo musu da bindiga mai sarrafa kanta, da goyon bayan masu sarautar ƙasar, aka kashe mutane masu ɗimbin yawa, aka ƙone garin, aka hana kowa sake zama a wurin. Wannan kisan gilla ne a kan kakanninmu. In har darasin da mutum ya ɗauko shi ne ana iya shafe ƙauye ɗaya da ba shi da makami, ai babu wanda ya taɓa musun haka. Hillsborough ba ƙauye ɗaya ya fuskanta ba. Kuma duk da Satiru, shekara 54 bayan nan Turawan sun naɗe tutarsu.

Kada ka koma aji ka mayar da mutanen Amurka waliyyai, wannan ma wani kuskuren ne. Ingila tana da hujjarta: bashin yaƙi ya yi mata katutu, kuma masana sun ƙiyasta ɗan Ingila na biyan kimanin sule 26 na haraji a shekara, ɗan Massachusetts sule ɗaya. Fasa-ƙwauri ya zama sana'a a tashoshin. A Agustan 1765 'yan tarzoma sun ragargaza gidan Hutchinson har rufi. Masu kukan za a mayar da su bayi kuwa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na al'ummarsu bayi ne baƙar fata da suke riƙe da su, idonsu kuma na kan ƙasar 'yan asalin nahiyar. Shi Hillsborough ma abin da ya sauke shi a 1772 adawa ce da ba wasu masu jari maka-makan filaye a kwarin Ohio. Saɓanin da ke ƙasa, na wa ke da ikon ɗora haraji, na gaske ne, kuma wataƙila wata rana dole a sake fasalin alaƙar, kamar yadda aka yi da Kanada daga 1848 ba tare da yaƙin ɓallewa ba. Duk wannan ka faɗa musu. Amma babu ɗaya a ciki da ke nuna ƙarancin duka ne matsalar.

Ni na ɗora rabin laifin yaɗuwar irin wannan shirme a kan shekarun da aka cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantunmu. An tashi da samari masu ƙishirwar sanin jiya, ba a koya musu tambayar "yaushe" da "sai me ya biyo baya" ba, sai duk mai kakkausar murya ya zama malaminsu. Ya jefo suna ɗaya na Bature, ya haɗa da karin magana ɗaya, an gama. Ku malaman aji ku ne kaɗai katangar da ta rage, kuma amana ce a wuyanku. Yaron da ya kawo maka bidiyon kada ka kunyata shi, ya yi abin kirki da ya kawo maka maimakon ya haɗiye shi kaɗai. Ka ba shi aiki. Ya raba allo gida biyu, gefe ɗaya ya rubuta 1766 da 1770, ɗaya gefen 1768, 1769 da 1774, ya nemo abin da ya biyo bayan kowace shekara cikin wata shida, ya karanta wa aji da bakinsa.

Sannan ka ƙara masa shekara ɗaya a ƙasa, 1778. Bayan rundunar Ingila ta miƙa wuya a Saratoga, Faransa kuma ta ƙulla ƙawance da Amurka a watan Fabrairu, gwamnatin North ɗin dai ta janye harajin shayi, ta soke dokar da ta sauya mulkin Massachusetts, ta yi doka cewa majalisar Landan ba za ta sake ɗora wa yankunan haraji don tara kuɗin shiga ba, ta tura tawagar Lord Carlisle da wannan tayi. Ya zarce abin da wasiƙar Fabrairun 1768 ta roƙa nesa ba kusa ba. Majalisar Amurka ta ce sai dai a amince da 'yancin kansu ko a kwashe sojoji tukuna, tawagar ta koma hannu rabbana. Hillsborough ya dawo gwamnati a 1779 a matsayin Sakataren Ƙasa, yana kan kujerar labarin miƙa wuyan sojan Ingila a Yorktown ya iso Landan a ƙarshen 1781, ya sauka tare da North a Maris 1782. Yaƙin ya kai bashin Ingila sama da fam miliyan 230.